Ranar Da Na Share Ganyen Madam Rosa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ƙwaƙwalwata ta gama zubar da sauran abubuwan da na kwaso a Faransa, da wata safiyar Lahadi da na sauko da tsintsiya a hannu da kyakkyawar niyya a zuci, na kusa hana wani tsoho abin da ya yi shekara da shekaru yana jira. Na sha ba 'ya'yana labarin suna dariya, ni ma ina taya su. Amma akwai wurin da in na zo dariyar takan ɗauke mini, sai in tsallake shi. Yau na ce bari in faɗe shi duka.

A tsakiyar shekarun tamanin ne. Ina karatun kimiyyar sinadarai a Villeurbanne, gefen Lyon, ni kaɗai ce 'yar Maraɗi a sashenmu, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. (Wanda bai san ni a lokacin ba ya gode wa Allah. Ko gishiri ka ce in miƙo maka, sai na gaya maka abin da ke cikinsa.) Da aka ba mu hutun Ista, ɗakunan ɗalibai suka watse, sai na hau jirgin ƙasa zuwa Paris wurin ƙanwar babana, Gwaggo Rabi. Mijinta, Baba Alhaji, yana da kantin shadda da atamfa a Belleville, amma a Saint-Denis suke zaune, can ƙarshen layin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a wani tsohon gida mai tsakar gida ɗaya da ƙofofi barkatai. Ba su cika shekara da komawa wurin ba.

Ƙofar da ke gindin matakalarsu ta Madam Rosa ce da mijinta Mushe Manuwel (Mushe shi ne Malam a bakin Faransawa), mutanen wani ƙauye a arewacin Fotugal. Shi magini ne, ya zo Faransa da ƙarfinsa, ya ƙarar da shi a kan benayen da bai taɓa kwana a cikinsu ba. Lokacin da na san shi huhunsa ya riga ya gaji. Yana kwance a gado kusa da taga, ba ya iya tashi sai an ɗaga shi, muryarsa ta koma raɗa. Ita kuma Madam Rosa gajeriya ce mai kauri, mai saurin hannu, tana aikin goge ofisoshi da sassafe. Ita da Gwaggo sun ƙulla wata irin ƙawance da har yau ban gane da wane yare aka ƙulla ta ba, don Faransancin kowace cikinsu a gurguje yake tafiya. Kwano dai ba ya daina hawa da sauka a matakalar. Gwaggo ta aika da dambu, Madam Rosa ta maido kwanon da miyar kabeji, tana rantsuwa ba alade a ciki.

Ranar da na iso, muna tsinke alayyaho, Gwaggo ta rage murya ta ce, "Ciwon tsohon ga ba na likita ba ne. Mutum shi gina gida mai bene garinsu, shekarar da anka ɗora ruhi shi kwanta? Ke ma kin san da hannu ciki."

"Haba Gwaggo," na ce, "ƙurar siminti ce. Wane irin hannu?"

Ban tsaya nan ba. Na gyara zama na yi mata darasi a kan huhu, da yadda ƙura ke shiga ta zauna, da yadda camfi ya hana mu ci gaba. Har da zana mata hoto da ɗan yatsa a kan tebur. Gwaggo tana kallona irin kallon da ake yi wa yaron da ya koyi sabuwar waƙa. Baba Alhaji, da yake jin mu daga kan sallayarsa, ya ce, "Rabi, bar ta. Lokotoro ta yi magana." Tun daga ranar sunana ke nan a gidan, Lokotoro, wato likita.

Makon nan duka Madam Rosa ba ta zauna ba. Ta wanke labule, ta goge bango, ta fito da tukwane ta dirje su, kamar dai yadda muke yi in Sallah ta matso. Ranar Juma'a ta sa baƙaƙen kaya, ta kashe rediyo, ba ta dafa nama ba sai wani busasshen kifi mai gishiri da ta jiƙa tun kwana biyu, wanda warinsa ya zagaye gidan ya hau bene ya gaishe mu. Ranar Asabar ta kira ni in taya ta kwaɓa wani burodi mai zaƙi da suke kira folar, wanda ake dasa masa dafaffen ƙwai da ɓawonsa a tsakiya kafin a gasa. Ta ce a wurinsu yaron da ka tsaya masa ranar baftisma yakan kawo maka fure ko reshen zaitun ranar Lahadin da ke kafin Ista, kai kuma ka rama masa da folar ranar Ista. Ina fasa ƙwai tana zuba mini labari, rabi da baki rabi da hannu.

A nan ne ta ba ni labarin abin da ya hana ta zama. A ƙauyensu, in ji ta, ranar Lahadin Ista bayan an fito daga coci, akan ɗauko gicciye a yi masa ado da furanni, a bi da shi gida-gida ana kaɗa ƙararrawa. Kowane gida an shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, an jera kayan zaƙi. Masu gicciyen su shigo su yi albishir, mutanen gida su sumbace shi ɗaya bayan ɗaya, a ɗan taɓa abinci, sannan a ɗunguma zuwa gidan maƙwabci. Haka za a yini, gari duka a ƙafa. Tun da suka zo Faransa abin bai taɓa shiga ɗakinsu ba, don hutun Ista bai isa a je gida a dawo ba, sai watan Agusta suke zuwa. To a shekarar nan mutanensu na yankin sun haɗa kai da wani fada, limamin coci, za a fito da gicciye a bi gidajen 'yan Fotugal na unguwar.

"Tun da Manuwel ya ji bai yi barcin kirki ba," in ji ta. "Ya sa na yi masa aski, na goge masa farar rigarsa. Ya ce shi ƙararrawar yake so ya ji." Ta ci gaba da murza kwaɓin. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Likita bai ce mini komai ba, ɗiyata, amma ina da ido. Ba na jin zai ga ta baɗi."

Komai ta gaya mini, ban da abu ɗaya. Kuma ban ga laifinta ba. Wa zai tsaya yi maka bayanin abin da yake ganin duk duniya an sani? Ni ma in baƙo ya zo mana Sallah ba zan ce masa ana sa sabon kaya ba.

Lahadi da safe, bayan na yi sallar asuba gari ya ɗan waye, sai tarbiyyar Maraɗi ta motsa. A gidanmu ɗiya mace ba ta kwana gidan mutane ta tashi ba ta yi shara ba. Na ce bari in share matakala da tsakar gida, tunda maƙwabta na da baƙi. Na sauko a hankali don kada in tayar da su Gwaggo, na zo matakin ƙarshe, na tsaya cak.

Daga bakin ƙofar Madam Rosa har tsakiyar gidan an zuba ganye. Wani siriri kamar allura, wani mai faɗi, an gauraya da ɓarɓashin furanni ruwan ɗorawa da shuɗi. Ba iska ce ta kawo shi ba, don gidan ko bishiya ɗaya babu, kuma an jera shi ne a miƙe, da gangan, yadda duk mai shiga sai ya taka. A daidai dokin ƙofar an gitta rassa biyu. Ƙofar kuma a ɗan buɗe. Jiya da magariba na wuce nan, ba ko tsinke.

Duk karatun Villeurbanne ya tattara nasa ya nasa ya koma Villeurbanne. Abin da ya zo mini shi ne wata maƙwabciyarmu da aka ce ta tsallaka barbaɗe da safe ƙafarta ta kumbura, da muryar kakata tana cewa abin da ka tarar a bakin ƙofa da asuba kada ka taka, kada ka tsallaka, kada ka taɓa da hannu. Na dubi ganyen, na dubi tagar da tsohon ke kwance, na ce a raina, Allahu akbar, ashe Gwaggo ta yi gaskiya. Kuma don mugunta sai yau, ranar da baƙi za su shigo.

Za ku ce me ya hana in hau in tayar da Gwaggo in tambaye ta. Na tambayi kaina wannan fiye da yadda za ku tambaye ni. Amsar ba ta da daɗi: ba na so ta san na yarda da maganarta. Na fi son in yi yaƙi da boka ni kaɗai a kan in ji ta ce, "Ina ƙurar simintin?"

Sai na shiga aiki. Na karanta Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu, na ɗaure hannuna cikin leda, na share ganyen nan tas ina ja da baya don kada in tsallaka ko ɗaya. Na kwashe a kwali, na kai babbar pubel ɗin zuba shara da ke lungu, inda ragowar kifin Juma'a yake kwance, na tura shi can ƙasa na danne da kwalin. Na dawo na kaɗa ruwan gishiri na wanke wurin. (Gishirin ma sai da na auna shi da cokali, don ilmin bai tafi duka ba.) Sannan na dubi ƙofar da ke buɗe, ga sanyin safiya yana shiga kan marar lafiya, ga shi ina zaton wanda ya yi aikin ne ya tura ta. Na yi Bismillah na ja ta a hankali har makullin ya kama. Na hau bene ina jin kaina kamar wadda ta ceci rai, na ƙudura ba zan gaya wa kowa ba, ladan ya isa.

Ban san Madam Rosa ba ta ciki ba. Ta fita tun da duhu zuwa addu'ar farko a coci, daga can ta biya gidan burodi ta karɓo ɗan akuyar da ta kai a gasa mata. Ita ta zuba ganyen da hannunta kafin ta fita, ita ta bar ƙofar a buɗe, ko da masu gicciyen za su riga ta.

Kuma sun riga ta. Ina cikin wanka na ji ƙararrawa, 'yar ƙarama mai zaƙin murya, tana tahowa daga titi. Ta shigo tsakar gida. Ta yi ta kaɗawa, ta tsaya, ta sake kaɗawa. Ni kuwa ina cuɗa sabulu ina murmushi, ina cewa baƙi sun zo sun tarar da wuri fes. Can na ji ta juya, tana nisa, har ta ɓace. Na ce a raina, kai, waɗannan ziyararsu ba ta da tsawo.

Ban gama shafa mai ba na ji ana kiran Gwaggo daga ƙasa, "Madam Rabi! Madam Rabi!" Muka sauko tare, Baba Alhaji na biye da mu da carbi a hannu. Madam Rosa na tsaye a tsakiyar gidan cikin kayanta na coci, ɗauke da faranti an rufe da ƙyalle, tana dube-dube a ƙasa kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Kusa da ita wata 'yar ƙasarsu ce daga gidan da ke kallon namu, tana ta magana da sauri tana nuna titi.

"Ina ganyena?" in ji Madam Rosa. "Wa ya rufe ƙofar?"

Ko a nan da na yi shiru na ɗan yi tunani, da na rage wa kaina. Ina! Sai na matso, na dafa hannunta, na rage murya irin ta mai babban sirri, na ce da Faransancina mai kyau na jami'a, "Kada ki damu, Madam. Na kawar da shi. Ba wanda ya taka."

"Kin kawar da me?"

"Abin da aka zuba muku. A ƙasarmu mun san irin wannan aikin. Akwai wanda ba ya son Mushe Manuwel ya tashi."

Maƙwabciyar ce ta fara magana, a hankali, kamar mai yi wa ƙaramin yaro bayani. Ta ce ganyen nan shi ne alamar. Gidan da ke son gicciye ya shiga yakan shimfiɗa masa ganye da fure, ya bar ƙofa a buɗe. Mutanen da suka ɗauko shi ba 'yan layinmu ba ne, ba su san ƙofar kowa ba, kuma an yi da su cewa ba za su ƙwanƙwasa ko'ina ba don kada su dami Larabawa da baƙaƙe da Faransawan da ke zaune a tsakani. Inda suka ga ganye su shiga, inda babu su wuce. Madam Rosa ta ce, "Daga bayan gidanmu aka yanko shi. Ɗan'uwansa ne ya aiko a motar da ke zuwa daga gida."

Ta miƙa wa maƙwabciyar farantin, ta ciro makulli ta buɗe. Daga inda nake ina hango ciki. Ga tebur da farin ƙyalle, ga folar ɗin da muka kwaɓa, ga 'ya'yan almon masu sukari a ƙaramin kwano. Ga Mushe Manuwel an jingina shi da matasai, cikin farar riga an ɓalle maɓalli har wuya, ya juya fuskarsa bango. Madam Rosa ta shiga ta zauna a bakin gadon. Ba ta zage ni ba, ba ta ko dube ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

"Innalillahi," in ji Gwaggo. "Ke, mi kinka yi haka?"

"Gwaggo, ba ke kinka ce da hannu ciki ba?"

"Ni ce miki na yi ki ɗauki tsintsiya? Ba ke ce mai ƙurar siminti ba?"

Baba Alhaji ya ce, "Kun tsaya shari'a? Lokotoro, tahi ki biɗo mutanen ga tun ba su yi nisa ba."

Haka na fita, da zanen Gwaggo, da gyale a karkace, da silifan Baba Alhaji da suka fi ƙafata nesa ba kusa ba. Ina gudu suna tafi. A kwanar farko na tarar da wani Balarabe yana jera lemo a gaban kantinsa, na ce masa ina haki, "Don Allah ka ga gicciye ya wuce ta nan?" Ya dubi gyalena, ya dubi fuskata, ya ce, "'Yar'uwa, lafiya kuwa?" Amma ya nuna mini hanya. Da na shiga layin da ya nuna sai na fara ganin ƙofofi: wannan da ganye, waccan da ganye, ta gaba har an yi zane da furanni. In da maganata ce, rabin Saint-Denis aka yi wa sammu a dare ɗaya.

Na cim musu suna fitowa daga wani gida, maza uku da jajayen riguna marasa hannu a kan kwat ɗinsu. Ɗaya na riƙe da gicciyen, an lulluɓe shi da fure, ɗaya da ɗan bokitin ruwa, babbansu kuma mai farin gashin baki shi ke da ƙararrawar. Bayansu jama'a ce, kowa ya ci ado. Na sha gabansu na zayyana abin da ya faru. Mai ƙararrawar ya saurare ni har na gama, ya ce, "An ce mana akwai marar lafiya a gidan. Mun shiga mun kaɗa, mun duba, ba ganye ko ɗaya, kowace ƙofa a rufe. Muka ce ko an kai shi asibiti, ko kuwa ta Allah ta kasance." Sannan ya yi tambayar da nake gudu. "Amma ke, me ya sa kika share?"

Na duba ko ƙasa za ta taimake ni ta tsage, ta ƙi. Na ce, "Na ɗauka sihiri ne."

Wani ya fassara wa na bayansa, na bayan ya fassara wa na bayansa, ina tsaye ina kallon dariyar tana tafiya sahu-sahu har ƙarshen layi. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Mai ƙararrawar dai bai yi dariya ba. Ya ce ba za su iya juyawa yanzu ba, akwai gidaje da yawa da ke jiransu, wasu ma da nasu tsofaffin. In sun gama da sauran rana za su biyo. "Amma ki mayar da abin da kika kwashe," in ji shi, "mu gane ƙofar."

Don haka ranar babban bikinsu, mutane na wucewa cikin turare da sababbin takalma, ɗalibar kimiyya tana duƙe rabin jikinta cikin pubel tana tsintar ganye a tsakanin kawunan kifi. Na kai famfo ina wanke su reshe-reshe. Gwaggo ta sauko ta tsuguna ta taya ni. Da muka shimfiɗa, ta sunsuna, ta yamutsa fuska, ta hau ta ɗauko kwalbar humrarta da ba ta ba kowa, ta yayyafa. Furannin kam sun riga sun mutu. Baba Alhaji ya sa hularsa ya fita, ya dawo da ƙunshin fure daga bakin tasha, ya miƙo mini ya ce, "Lokotoro, ga ƙarin sammu."

Daga nan sai jira. Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Naman ya huce a kan tebur ba wanda ya taɓa. Na zauna a matakala, duk motsin da na ji a titi sai in miƙe. Da na yi azahar na ɗaga hannu, na ji kaina ina roƙon Allah ya dawo da mutanen nan, har na ɗan tsaya ina mamakin addu'ar tawa. Abin da suka yi imani da shi game da Annabi Isa ba shi na yi imani da shi ba, kuma ranar ba ta sauya mini wannan ba. Amma jiran tsohon na gane shi sarai. Kakana, da ƙafa ta ƙi shi ya daina zuwa idi, yakan sa a ɗauko shi a ajiye a zaure da babbar rigarsa, don kawai ya ji kabbarar masu wucewa. Na tuna da shi, na ce da wani ya zo ya rufe masa zauren don kada sanyi ya kama shi fa? Nan na yi kukan da ban yi da safe ba.

Bayan la'asar, har na fara cire rai, sai na jiyo ƙararrawar can nesa. Na san ta yanzu. Ta shigo tsakar gida, mutanen uku sun gaji liƙis, suka taka ganyen nan mai ƙamshin humra suka shiga. Madam Rosa ta leƙo ta yafuto mu, mu ma mu shigo. Mai gicciyen ya ɗaga murya ya ce da yarensu Almasihu ya tashi, suka amsa da Aleluya, mai bokiti ya yayyafa ruwa. Wurin Mushe Manuwel aka fara kai gicciyen. Ya kama shi da hannu biyu, ya kafa leɓɓansa, ya daɗe bai saki ba, kafaɗunsa na rawa. Ba wanda ya hanzarta shi.

Sannan aka fara zagayawa da shi, ana goge shi da farin ƙyalle bayan kowane mutum, kuma na ga yana matsowa inda muke. Ga kunyar abin da na yi, ga abin da ba zan iya yi ba ko don kunyar. Gwaggo ta mintsine ni a baya, kamar ina bukatar tuni. Da ya iso na dafa ƙirji na ɗan ja da baya. Mutumin ya gyaɗa mini kai ya wuce, kamar ba a yi komai ba. Duk tsoron ni kaɗai na sha shi.

Da baƙin suka ɗan taɓa abinci suka tafi, tsohon ya ɗaga yatsa ya kira ni. Ya yi raɗa, Madam Rosa ta kai kunnenta bakinsa. "Wai da gaske tsoro kika ji saboda shi?" Na ce e. Ya sake raɗa. "Ya ce uwarsa ma haka za ta yi in ta ga abu a ƙofa ba ranar Ista ba. Ita gishiri take watsawa."

"Na watsa," na ce.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka ɗaga shi aka ba shi ruwa. Da ya lafa, ya sa aka yanko folar, ya turo mini ɓangaren da ke da ƙwan. Madam Rosa kam ba ta saki fuska da ni ba sai ranar da zan koma Lyon, kuma ban ga laifinta ba. Ranar ma ba ta yi maganar ba, ta dai gyara mini wuyan riga ta ce in riƙa cin abinci.

Muna tsakiyar jarrabawar ƙarshen shekara aka kira ni a wayar da ke ƙasan gidan ɗalibai. Gwaggo ce. Bayan gajeriyar gaisuwa ta ce, "Tsohon ga ya tahi. Sun kai shi garinsu, gidan da ya gina."

Ga wurin da nake tsallakewa in ina ba yara labarin. Ba pubel ɗin ba, ba silifan ba. Safiyar nan ce, lokacin da nake sama ina wanka ina murmushi. Mutum yana kwance shi kaɗai cikin rigar da aka goge masa, ya ji ƙararrawar ƙuruciyarsa ta shigo, ta tsaya taku kaɗan daga gadonsa, tana kira. Ba shi da ƙafar tashi, ba shi da muryar cewa ga ni nan. Ya saurare ta har ta juya ta tafi. Sun dawo da yamma, alhamdu lillahi, amma wannan safiyar ba wanda ya mayar masa da ita, kuma ni na ɗauke ta.

Na koma na ci jarrabawata, na yi shekaru ina koyar da kimiyya, kuma na daina yi wa tsofaffi darasi a kan camfi, tunda na ga nawa ilmin a ka yake zaune, tsoron kuwa a ciki, kuma in gari bai gama wayewa ba cikin ne ke riga tashi. Yanzu in na ga abin da ban gane ba a ƙofar mutane, nakan jingine tsintsiya in yi sallama in tambaya, ko da za a ce tsohuwar nan ta cika tambaya. Gara a ce haka. Na riga na ga yadda mai son ka da alheri yake rufe maka ƙofa da Bismillah.